Yadda Za Ka Ƙidaya Waɗanda Tarin Fuka Ya Ci a Tsohuwar Unguwarku

A gidanmu akwai wani ɗaki bayan soro na biyu, hannun hagu in ka shigo. Ba shi da taga sai wata 'yar kafa can sama kusa da azara, ita ma da hunturu tsumma ake cusa mata. A ɗakin nan Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya yi jinya har ya rasu ina ɗan firamare. Bayan 'yan shekaru babban ɗansa ya bi shi. Daga nan sai wani almajirin kakanmu da ya zo daga gabas, wanda ba mu haɗa komai da shi ba sai Musulunci. Duk da haka, har na yi gemu abin da ake faɗa a gidan shi ne, "tarin nan namu ne, a jini yake." Ba wanda ya taɓa tambayar ta ina almajiri ya shiga jininmu.

Na yi shekara 20 da 'yan kai ina riƙe da rajistar masu tarin fuka a wani ƙaramin asibitin gwamnati a Kano. Da na ajiye aiki sai na ce bari in san mutum nawa ciwon nan ya kwantar a lungunmu, nawa kuma ya kai kushewa, tun daga zamanin kakanni. Aikin ya ci mini damina biyu. Ga yadda ake yinsa, ga ɗalibin da ke neman abin rubuta kundi, ko ma'aikacin lafiya, ko wanda kawai tarihin unguwarsu ya dame shi.

Ka yanka iyaka kafin ka yi wa kowa sallama

A wani kwas da aka tura mu na fara jin labarin Lawrence Flick, wani likita a birnin Philadelphia ta Amurka wanda shi kansa ya sha fama da tarin. A 1888, shekara 6 bayan Robert Koch ya nuna wa duniya ƙwayar cutar a Berlin, likitoci da yawa suna nan a kan bakansu cewa ciwon gado ne. Flick bai tsaya ja-in-ja ba. Ya ɗauki gunduma ɗaya tak a birnin, ta biyar, ya bi takardun mutuwa na shekara 25, duk wanda aka rubuta tarin ne ajalinsa ya ɗiga masa alama a kan gidan da ya mutu. Da ya gama sai ga alamomin sun yi cincirindo a wasu gidaje, wasu kuwa ko ɗigo babu.

Abin koyi a nan shi ne ƙanƙantar wurin. Kada ka ce za ka ƙidaya Dala ko Fagge gaba ɗaya, za ka nutse. Ɗauki abin da ƙafarka za ta zagaye tsakanin la'asar da magariba: daga masallaci zuwa tsohuwar rijiya, daga bakin titi zuwa kududdufi. Gida 40 zuwa 60 ya ishe ka. Sannan ka yanka shekaru, ka tsaya a kansu. Ni na ɗauka daga rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wato Sarki Alhaji, a ƙarshen 1953 zuwa 1993, shekarar da aka fara tsarin shan magani a gaban ma'aikaci a Najeriya. Kafin 1953 babu mai rai da zai ba ni shaida, bayan 1993 kuwa takarda ta fara magana da kanta.

Ka sami babban kwali ka zana lungun da hannunka, ka ba kowane gida lamba. Kada ka rubuta sunan mai gida a kan zanen. Sunaye su zauna a wani littafi dabam da ba ya fita daga ɗakinka. Kuma ka zana lungun yadda yake a da. Gidan da ka sani ɗaya yau wataƙila uku ne aka haɗe, wanda kake gani uku kuma rabon gado ne ya yayyanka shi. Tsohon magini ko dillalin gidaje zai warware maka wannan a zama ɗaya.

Sai ka je gaida mai unguwa. Ranar da na je, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, so nake in rubuta tarihin cututtukan da suka yi ɓarna a lungun nan zamanin iyaye." Ya dube ni ya ce, "Malam, tarihi ko tonon silili?" Na ce tarihi, kuma ba sunan da zai fita. Ya ce to in fara da gidansa. Wannan kalma tasa ita ta buɗe mini sauran ƙofofin, don duk inda na shiga sai in ce daga gidan mai unguwa nake.

Waɗanda suka sani, da yadda ake tambayarsu

Mu ba mu da abin da Flick ya samu. Mutum ya cika da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa, ba likita, ba takardar shaidar mutuwa. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta 1992 ce, kuma ko yau ba kowa ke zuwa ba sai in akwai fansho ko kuɗi a banki. Don haka rajistarka tana cikin kawunan mutane.

Maza za su ba ka sunaye da jerin wanda ya riga wani. Liman da ladan sun san wanda suka sallata. Wanzami ya san wanda ya yi wa ƙaho a haƙarƙari. Tsohon mai kemis ya san wanda ya daɗe yana sayen maganin tari na kwalba. Amma yadda jinyar ta kasance, wannan sai mata. Su suka wanke ƙyallen da aka tofa jini a ciki, su suka san wanda ake dama wa kunu ya kasa sha. Masu wankan gawa, maza da mata, sun ga jikin da idonsu. Tunda gidajen ba a shiga, sai na roƙi Yayata, wadda ta haura 70 kuma kowa a lungun ya san ta. Ita ke shiga, ni ina soro da littafi, in tsohuwar gidan ta yarda a shimfiɗa mata tabarma a bakin ƙofa mu yi magana. In ke mace ce mai wannan aiki, kin fi ni sa'a nesa ba kusa ba.

Kada ka kuskura ka buɗe baki da "tarin fuka". Ka ambace shi, an rufe maka ƙofa ke nan, domin gidan da aka sani da tarin nan 'ya'yansa mata kan daɗe ba su yi aure ba, kuma tsofaffi ba su manta ba. Ban da haka ma kalmar tana da ruɗani: a bakin mutane da yawa "fuka" ita ce asma, mai sa numfashi ya riƙa fito, wadda mutum kan rayu da ita har tsufa. Ka tambayi wa da wa suka rasu a gidan, ɗaya bayan ɗaya, ka yi musu addu'a, sannan ka ce, "Iya, jinyar tasa ta daɗe?" Ka yi shiru ka bar ta ta zuba.

Amsoshin farko ba za su wuce waɗannan ba: ciwon ajali ne, sanyi ne ya kama masa ƙirji, jifansa aka yi, sammu ne, gashin mage ya haɗiya a nono. Ka rubuta yadda aka faɗa, kada ka gyara wa kowa, ba wa'azi ka zo ba. Abin da kake kasa kunne ka ji yana zuwa daga baya, a tsakiyar labari. Tari ya wuce wata da watanni. Mutum yana ta zubewa har wandonsa ya daina zama. Zazzaɓi da yamma, gumi da dare har a juya masa tabarma. Kaki da jini-jini, ko ranar da ya yi aman jini a tsakar gida. Jinya ta haɗa damina da rani, wani lokaci shekara biyu ko uku, yana samun sauƙi yana komawa. In an ware masa ƙwarya da cokali, gidan sun san abin da suke zargi ko da ba su furta ba. Ware kwanon bai kare kowa ba, don ciwon ta iska yake bi, amma a wajenka shaida ce mai kyau.

Akwai alamomi biyu da na fi yarda da su, duka daga wajen magani. In aka ce an yi ta kai shi Asibitin Zana ko asibitin cikin gari ana yi masa allura kullum har kusan wata biyu, wannan streptomycin ce, kuma ba kasafai ake yi wa wani ciwo irin wannan jerin allura ba. In kuma aka ce da ya fara shan ƙwayoyin fitsarinsa ya koma ja kamar an jiƙa goro har hankalin gida ya tashi, rifampicin ce. Tsohuwa za ta manta shekarar da mijinta ya rasu amma ba za ta manta wannan fitsarin ba.

Yara su ne suka fi ɓacewa a lissafi, don yaro ba ya fitar da kaki, kuma ciwon kan zauna masa a wani wuri ban da huhu. Ka tambayi yaron da ƙululai suka fito masa a wuya suka fashe suka bar tabo. Ka tambayi wanda ya yi doro bayan an haife shi lafiya. Ka tambayi wanda ya yi makonni yana zazzaɓi da ciwon kai kafin wuyansa ya sandare. Sanƙarau irin na 1996 kwana ɗaya biyu yake kayar da yaro, kuma gari guda yake kamawa lokacin zafi. Wanda tarin fuka ke haddasawa a hankali yake zuwa, kuma galibi akwai babba mai tari a ɗakin.

Sannan ka san masu kama da shi don ka tsame su. Ciwon haƙarƙari mai zafi kwanaki yake yi, ko a tashi ko a tafi. Mai ciwon zuciya yana tari da haki, amma ƙafafunsa kumbura suke yi. Tarin shiƙa na yara ne kuma yana da nasa sautin. Daga 1986, shekarar da aka fara ba da rahoton ƙanjamau a Najeriya, lissafi ya ƙara cakuɗewa, don ciwon biyu tare suke tafiya, kuma mai ƙanjamau sau da yawa tarin ne ke ƙarasa shi. Duk wanda ya rasu a shekarun 1990 da rama da tari, ka sa masa alama ta dabam.

Ni kashi uku na yi. Biro ja ga wanda asibiti ya tabbatar, ko aka ga katinsa, ko aka ba ni labarin allura da jan fitsari. Biro shuɗi ga wanda alamomi uku ko fiye suka haɗu a kansa, kuma mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba suka faɗa. Fensir ga wanda zato ne kawai. Kada ka taɓa haɗa kashi ukun ka ba da jimla ɗaya. Ranar da wani ya ƙalubalance ka, jan biron ne kaɗai zai tsaya maka.

Shekara kuwa, kada ka tambaye ta da lamba. Ka rubuta jerin abubuwan da kowa ya sani a bangon littafinka: zuwan Sarauniya 1956, samun 'yanci 1960, naɗin Sarki Ado 1963, kashe Sardauna 1966, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, komawa tuƙin dama 1972, shigowar naira 1973, kashe Murtala 1976, rikicin Maitatsine a ƙarshen 1980, rasuwar Malam Aminu Kano 1983, canjin kuɗi 1984, ɓallewar dam ɗin Bagauda 1988. Sai ka ce, "Gwaggo, da sule aka sayi likkafaninsa ko da naira?" Mata kuma sun fi auna lokaci da goyo: ina da cikin wane, ina yaye wance. Ka nemi shekarun wanen, ka samu shekararka. Da haka na gano Baffa ya rasu tsakanin tafiyar sojoji yaƙi da dawowarsu, ba kafin 'yanci ba kamar yadda aka daɗe ana faɗa a gidanmu.

Abin da takarda za ta ba ka

Kada ka sa rai da yawa. Rahotannin lafiya na shekara-shekara na zamanin Turawa, waɗanda ake nema a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, suna ƙidaya waɗanda suka je asibiti ne, asibiti-asibiti ko lardi-lardi. Ba za ka ga lungunku a ciki ba. Amfaninsu shi ne su nuna maka yanayin zamanin.

Rajistar asibiti ta fi kusa da kai, amma sai da izini a rubuce daga ma'aikatar lafiya ta jiha, ta hannun mai kula da shirin tarin fuka da kuturta na ƙaramar hukumarku, kuma daidai ne a tsananta, sirrin mutane ne. In an ba ka, ga abin da wanda ya cika irinta da hannunsa zai gaya maka. Gurbin adireshi shi ne mafi rauni. Za ka ga "bayan masallaci" ko "kusa da mai shayi", a garin da kowane lungu yake da masallaci da mai shayi. Mutumin ƙauye kan ba da adireshin ɗan'uwansa na birni don a karɓe shi. Ɗan unguwa kuma kan tsallake asibitin da ke kusa ya tafi can wata unguwa inda ba a san shi ba. Gurbin "ya rasu" yana nufin ya mutu yana cikin shan magani, ko da mota ce ta kaɗe shi. Gurbin da ya fi ɓoye gawa shi ne na waɗanda suka daina zuwa wata biyu a jere. Mukan rubuta sun ɓace. Da na shiga lungu bayan ritaya na tarar da biyu daga cikin ɓatattun da na rubuta da hannuna, ashe tun a watannin nan aka yi sadakar bakwai ɗinsu.

Wata rajistar ma ba za ka same ta ba. A wani wuri da na je an ce tsofaffin littattafan suna sito. Aka buɗe, gara ta riga ni.

Lissafi

Masu ciwo dabam, matattu dabam, kada ka bari su cakuɗe. Kafin a sami magani, wato kafin streptomycin a tsakiyar shekarun 1940 da isoniazid a 1952, kusan 7 cikin 10 na masu ƙwayar cutar a kaki kan mutu cikin shekara 10, saboda haka ƙidayar matattu ta kusa zama ƙidayar masu ciwo. Bayan magani ya wadatu sai hanyoyin suka rabu: ana iya samun masu ciwo da yawa, matattu kaɗan. In ka ga mutuwa ta ragu a lungunku daga wani lokaci, kada ka yi saurin cewa ciwon ne ya ragu.

Kuma lamba ba ta da ma'ana sai an san cikin mutum nawa. Dubi wani yanki a New York, gefen kogi, wanda titunan Cherry da Catharine da Hamilton da Market suka kewaye. Tarin ya yi masa katutu har aka laƙaba masa suna Lung Block, wato layin huhu. Shugabannin lafiya na birnin, ƙarƙashin jagorancin Dokta Hermann Biggs, sun fara karɓar rahoton masu tarin a 1894, suka wajabta wa kowane likita a 1897, likitoci na ta ƙorafi. A 1903 wani ɗan jarida, Ernest Poole, ya bayyana cewa cikin shekara 9 an kai rahoton mutum 265 daga wannan yanki mai mutane kusan 4,000. Raba 265 gida 9, ka samu kusan 29 a shekara. Cikin 4,000, wannan ya kama mutum 7 da ɗoriya a kowane 1,000, ko sama da 700 a kowane 100,000. Kwatanta da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya da ya daɗe a kan 219 cikin 100,000 ga Najeriya, ka ga irin wutar da ke ci a wurin. Kuma masu aiki a yankin sun ce 265 ɗin bai kai rabin gaskiya ba, don iyalai na ɓoyewa, wasu likitoci kuma na rubuta wani ciwon ƙirji dabam. Ashe "sanyi ne ya kama shi" ba mu kaɗai muka iya ba.

Kai ma haka za ka yi, sai dai yawan mutanen lungu da kanka za ka nemo shi. Ƙidayar 1952 da 1963 da 1991 ba za su sauko maka har lungu ba, ta 1973 kuwa soke ta aka yi. Ka tambayi kowane gida ɗaki nawa ne a lokacin, wa ke kwana a kowanne, har almajiran soro da 'yan cin-rani. Ka yi haka sau biyu ko uku a tsawon shekarun, don gida na cika yana raguwa. Tambayar nan ta wa ke kwana da wa, wadda na ɗauka ta cike gurbi ce, ita ta zama zuciyar aikin duka.

Tarko ɗaya kuma: yawan rahoto ba yawan ciwo ba ne. Najeriya ta kai rahoton masu tarin kusan 138,000 a 2020, a 2021 suka haura 200,000. Ba annoba ce ta ɓarke ba, nema aka tsananta, aka baza na'urorin gwajin kaki na GeneXpert, aka shiga unguwanni. In ka ga lungunku ya cika da jan biro daga shekarar da aka buɗe asibiti kusa, asibitin ka gani.

Kada ka kama bango da laifi

Ranar da ka gama ɗiga alamominka, za ka ga abin da Flick ya gani, kuma zuciyarka za ta ce maka gidan ne, ɗakin ne. Mutanen wancan zamani haka suka ɗauka. Sun yi zaton ƙwayar na maƙalewa a bango da ƙura tana jiran mai haya na gaba, suka yi ta turara ɗakuna da shafa farar ƙasa. Daga ƙarshe a 1933 aka rushe layin huhu ɗungurungum, aka gina manyan benaye masu suna Knickerbocker Village, waɗanda yawancin tsofaffin mazauna wurin ba su iya biyan hayarsu ba. Suka watsu cikin wasu gidajen haya na kusa, kowa da abin da ke ƙirjinsa.

Yau an san bango ba ya ajiye ciwon. Mai tari ne ke fesa shi cikin iska, ya yi sa'o'i yana yawo a ɗakin da ba iska ba rana, na kusa ya shaƙa. Laifin ɗakin Baffa shi ne rashin taga da yawan masu kwana. Wanda ya shaƙa kuma ba lalle ya kwanta ba: cikin 100, mutum 5 zuwa 10 ne ciwon kan tashi musu a tsawon rayuwa, galibi a shekara biyun farko, sauran kuwa ƙwayar na kwance a jikinsu shiru. Tana iya yin shekara 30 ko 40 sai tsufa, ko ciwon suga, ko yunwa, ko ƙanjamau ya raunana jiki ta farka. Da na zauna da Gwaggo, autar su mahaifina, muka jera masu kwana a ɗakin, sai zaren ya fito sarai. Ɗan Baffa shi ke kwana a gefensa yana miƙa masa gwangwanin tofi. Almajirin nan kuwa shi aka sa ya riƙa kwana da ɗan Baffa da nasa ciwon ya tashi. Gwaggo ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "Ɗan nan, ai ni na ce a sa yaron ya taya shi kwana." Ban san abin da zan ce mata ba. Na ce Allah ya jiƙansu, ta ce amin. Ka shirya wa irin wannan, don za ka gamu da ita, kuma ba a rubuta ta a kwali.

Saboda haka littafinka yana buƙatar gurbi na ƙarshe: waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon, suka rayu, ina suke yanzu? Lungunmu ya watse zuwa Kurna da Ɗorayi da Sheka da Rijiyar Lemo, kuma a nan aikin tarihi yake komawa aikin lafiya ko ka so ko ba ka so ba. Duk wanda ka tarar yana tari mako biyu ko fiye, ko yana rama ba dalili, ka rufe littafi ka raka shi a gwada kakinsa. Gwaji da magani kyauta ne a cibiyoyin shirin gwamnati. Maganin wata 6 ne, ƙwayoyi huɗu a wata biyun farko, biyu a sauran huɗun, kuma ba a yankewa don an ji sauƙi. Mutanen gidansa ma a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, akwai maganin kariya da ake ba su.

Na huɗu a masu kwana ɗakin Baffa wani ɗan ƙanwar kakarmu ne, yaro a lokacin. Na same shi a bayan gari, ya tsufa, suga ta kama shi, yana zaune a ƙofar gida da rawani a wuya cikin zafin bazara. Muna gaisawa ya juya kai ya yi tari a hannun riga. Na ce, "Yaya, tun yaushe?" Ya ce tun kafin azumi, ƙura ce. A lokacin an yi babbar salla da mako guda. Washegari da sassafe na zo da ɗan sahu, na zauna a gefen da iska ke kaɗawa, muka tafi.

In za ka fitar da abin da ka samu, a kundi ko a gaban jama'a, ka fitar da lambobi da shekaru, ka juya zanen yadda ɗan unguwa ma ba zai gane gida ba, ka kai wa mai unguwa ya gani kafin kowa. Littafin sunaye kuwa nawa yana cikin akwatin ƙarfe tare da takardun gida, kuma na gaya wa babban ɗana abin da zai yi da shi.